Majigin Tarihi da Ranar Giginya

Abin da nake so in yi bayani a kai shi ne wani irin fim wanda ba mu cika kula da shi ba, watau fim ɗin da ake shiryawa don ba da labarin abin da ya auku da gaske. Ni dai a nan zan kira shi majigin tarihi, domin kalmar majigi ta daɗe a bakin mutanenmu, dattawa sun san ta tun ba a haife mu ba. Bambancinsa da fim ɗin wasan kwaikwayo a fili yake. Mai wasan kwaikwayo yana da damar ya ƙago mutum, ya raɗa masa suna, ya sa masa magana a baki. Shi kuwa mai majigin tarihi an ɗaure shi da igiyar hujja. Duk abin da ya nuna ko ya faɗa, tilas ne ya iya nuna inda ya samo shi.

Ƙasashe da yawa sukan yi amfani da irin wannan fim don su gaya wa 'ya'yansu yadda aka yi yaƙin ƙwatar 'yancinsu. Amurka ta yaƙi Ingila daga 1775 zuwa 1783. Aljeriya ta yaƙi Faransa daga 1954 zuwa 1962, har ma wani Bafaranshe mai suna René Vautier ya shiga cikin mayaƙan Aljeriya da na'urarsa, ya ɗauko yadda suke fama. To, in ka tambayi ɗalibi a nan, zai ce maka ai Nijeriya ba ta yi yaƙin neman 'yanci ba. Gaskiyarsa. Mulkin kan da muka samu ran 1 ga Oktoba 1960 a kan tebur aka yi cinikinsa, a tarurrukan tsarin mulki na Legas da Landan. Amma mu mutanen Sakkwato namu yaƙin a farkon labarin yake, ranar da kakanninmu suka fita bayan ganuwa don su kare 'yancin da suke da shi. Shugabannin da suka karɓi mulkin kai kuwa ba su manta da wannan rana ba, kamar yadda za mu gani nan gaba. Saboda haka zan ɗauki yaƙin Giginya ya zama misalina, in nuna yadda ake haɗa majigin tarihi, da kuma abin da ɗan ƙasa zai ƙaru da shi.

Wa ke riƙe da na'urar?

Kafin mu shiga aikin, ya kamata mu san yadda fim ya zo mana. A birnin Faris aka fara nuna wa jama'a hoto mai motsi a 1895. A Nijeriya kuwa, an fara nuna shi a zauren Glover da ke Legas cikin watan Agusta 1903, watau 'yan makonni kaɗan bayan an gama yaƙin Burmi. Ashe ke nan a shekara ɗaya bindigar Turawa ta ci ƙasarmu, na'urar fim kuma ta sauka a bakin teku.

Daga baya wani ma'aikacin lafiya Bature mai suna William Sellers ya shiga amfani da fim a Legas don koya wa mutane tsabta da yaƙi da ɓerayen da ke yaɗa annoba. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikata ta musamman mai shirya finafinai don ƙasashen da take mulka, aka ba shi shugabancinta. Daga nan motar majigi ta bazu a ƙasar Hausa. Dattawa suna ba da labarin yadda take zuwa da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, a ta da inji bayan sallar isha'i, mai sharhi ya ɗauki lasifika yana fassara wa jama'a. An nuna tsabta, da allurar rigakafi, da biyan haraji, da noman auduga kamar yadda aka gani a cikin Baban Larai, da ziyarar Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956. A 1959 ma'aikatar watsa labarai ta Jihar Arewa ta sa aka shirya wani fim mai suna Giant in the Sun don nuna ci gaban Arewa a daidai lokacin samun mulkin kai.

Babu shakka majigi ya yi amfani. Amma mu lura da abu guda. Wanda ya sayi na'urar, ya biya mai ɗauka, shi ke zaɓen abin da za a gani. Motar gwamnatin Turawa ba za ta zo ƙofar fada ta nuna wa jama'a yadda aka harbe iyayensu ba. Bayan mulkin kai ne 'yan ƙasa suka fara juya na'urar wajen tarihinmu. Marigayi Adamu Halilu ya shirya Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sa'an nan ya shirya fim a kan Kanta na Kabi. Waɗannan wasan kwaikwayo ne, amma sun nuna cewa labarinmu ya isa a sa shi a allo.

Labarin a taƙaice

Bari mu ɗauka an ba ajinmu aikin shirya majigi a kan Giginya. Abu na farko shi ne mu san ƙashin bayan labarin.

Ran 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, Lugard ya yi shelar cewa ƙasar Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila, alhali kuwa yawancinta ba ta hannunsa. Sai ya bi garuruwa ɗaya bayan ɗaya. An ci Bida da Kwantagora da Yola a 1901, aka ci Bauci a 1902, Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu 1903. A nan Sakkwato, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin Oktoba 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu. Bai yi wata shida a kan gado ba sai ga rundunar Kanar Morland ta iso.

Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 aka kara a filin Giginya, bayan ganuwa ta wajen kudu. Sarkin Musulmi yana tsakiya, Marafa Maiturare da Sarkin Rabah Ibrahim suna riƙe da ɓangarorin biyu. Mutanenmu sun fi yawa, amma makamansu takobi ne da mashi da kibiya da 'yan bindigogi. Sojojin Morland ba su kai dubu ba, sai dai suna da igwa da bindiga mai jigida. Kafin rana ta take, an gama. Wasu jarumai sun tsaya a gindin tuta har aka kashe su a nan.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Attahiru ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka bar gonaki da gidaje suka bi shi, har da malamai da sarakuna. Turawa suka bi sawunsa. A garin Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yau, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli 1903. A nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, cikinsu har da Magajin Kafi Ɗan Yamusa. Shugaban sojojin Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya zarce da sauran jama'a har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yanzu a bakin kogin Nilu. Shi kuwa Waziri Buhari ya komo birni tare da waɗanda suka zauna, suka yi sulhu. Ran 21 ga Maris aka naɗa Attahiru ɗan Aliyu Babba sarauta, Lugard ya yi jawabi cewa ikon naɗa sarakuna da aza haraji ya koma hannun Ingila, ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba.

Da me za a cika allo?

Ga matsalar farko. Babu wanda ya ɗauki yaƙin Giginya a fim. To, me za a nuna wa mai kallo har tsawon sa'a guda?

Wannan matsala ba mu kaɗai ta dama ba. Lokacin yaƙin 'yancin Amurka ko hoto marar motsi ba a ƙago ba. Duk da haka Ken Burns da abokan aikinsa sun shirya majigi mai kashi 6, na sa'a 12, mai suna The American Revolution, aka nuna shi a talabijin cikin Nuwamba 2025. Da zane-zanen masu fenti suka yi aiki, da taswira, da wasiƙun mutanen zamanin waɗanda aka sa masu murya suka karanta, da hotunan filayen da aka yi yaƙin, da bayanin masana. Dabarar Burns da aka san shi da ita tun majiginsa na yaƙin basasar Amurka a 1990 ita ce ya sa na'ura ta riƙa tafiya a hankali a kan tsohon hoto, daga hannun mutum zuwa fuskarsa, har mai kallo ya ji kamar hoton yana numfashi. Mu ma muna da kayan aiki iri huɗu.

Na farko takardu. A nan Allah ya yi mana arziki, domin kakanninmu masu rubutu ne. Da Turawa suka shiga birni sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakunan ƙasa suka riƙa aiko wa Sakkwato suna ba da labarin matsowar Nasara. Wani Bature, H. F. Backwell, ya fassara su ya buga a 1927. Akwai risalar da Waziri Buhari ya rubuta wa ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa na zama. Akwai Waƙar Zuwan Annasara da ake danganta wa Sarkin Musulmi Attahiru. A ɗaya gefen kuma akwai rahotannin Lugard da na hafsoshinsa. Mai neman irin waɗannan takardu sai ya nufi Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan cikin gari, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun gwamnati a Kaduna. In aka haska rubutun a allo, mai murya yana karantawa, to, mutumin 1903 ne ke magana da bakinsa.

Amma fa takarda ma sai an bincike ta. Alal misali, Lugard ya ce a 1902 ya sami wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai cewa babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, ya kuwa kafa hujja da ita wajen kawo hari. Fassarar Turanci ce ta yaɗu, asalin Larabcin bai bayyana ba, saboda haka wasu masana tarihi suka yi shakkar ta. Mai majigi na ƙwarai ba zai karanta wannan wasiƙa kamar an sauke ta daga sama ba. Zai gaya wa mai kallo wanda ya kawo ta, da amfanin da ta yi masa, da dalilin masu shakka.

Na biyu wurare. Ƙasa ba ta ƙaura. Ana iya ɗaukar filin Giginya da sassafe cikin watan Maris, a ga irin hazo da zafin da aka yi yaƙin a ciki. Ana iya ɗaukar Hubbaren Shehu, da inda ƙofofin gari suke, sa'an nan a bi hanyar hijira a mota har Burmi. In aka zana hanyar a taswira, mai kallo zai gane nisan da mata da yara suka taka da ƙafa.

Na uku bakin mutane. Waɗanda suka ga yaƙin duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan, kuma kowane gida da abin da ya riƙe. Ƙa'idar ita ce a tambayi mai ba da labari daga wa ya ji, shi kuma wancan daga wa ya ji, kamar dai yadda malamanmu ke bin isnadi. In labarin gida biyu ya saɓa, sai a kawo duka biyun. Kada kuma a tsaya a gidajen sarauta kaɗai. Maƙera da suka ƙera mashi, da makaɗa, da matan da aka bari da marayu, duk suna da nasu kason.

Akwai misali kusa da mu. A 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, suka ratsa ƙasar Hausa ta Nijar suna ƙone garuruwa, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, nan ƙetaren Illela. A 2020 Rob Lemkin ya fito da majigi mai suna African Apocalypse, inda wani saurayi, Femi Nylander, ya bi wannan hanya gari gari yana sauraron jikokin waɗanda abin ya shafa, daga baya kuma aka mai da fim ɗin Hausa. Ƙarfinsa duk a bakin talakawan nan yake. Sai a gwada shi da Sarraounia na Med Hondo, na 1986, wanda ya ba da labarin sarauniyar Lugu da ta yi tsayayya da wannan runduna. Zamani ɗaya suke magana a kai, amma na Med Hondo wasan kwaikwayo ne da aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani.

Na huɗu hotuna da kwaikwayo. 'Yan hotunan da suka rage na wancan zamani Turawa ne suka ɗauka, don haka da idon mai nasara aka ɗauke su, ya kamata a faɗa wa mai kallo haka. In kuma ana so a nuna dawaki da lifidi da sulke, ana iya sa mahaya su kwaikwaya, da sharaɗin a rubuta a allo cewa kwaikwayo ne. Wanda ya ɗauko hoton hawan salla na bara ya ce Giginya ce, ya yi ƙarya, ko da niyyarsa mai kyau ce.

Inda gizo ke saƙa

Bayan an tara kaya sai a shiga ɗakin tacewa. Mai yiwuwa an ɗauko sa'a hamsin, ga shi sa'a ɗaya ake so. Abin da aka yanke da abin da aka bari, shi ne ainihin fim ɗin. A nan ake gane mai gaskiya. Zan kawo wurare uku da hannu zai yi ƙaiƙayin yankewa.

Na ɗaya, Attahiru da Waziri Buhari. Abu mai sauƙi ne a mai da ɗaya jarumi, ɗaya matsoraci. Amma wanda ya karanta risalar Waziri zai ga mutum ne da ya shiga tsaka mai wuya, ya nemi shawarar malamai. Tunaninsa shi ne, in kowa ya tashi, wa zai tsaya wa raunana da ba su iya tafiya, wa zai riƙe masallatai da makarantu da shari'a? Shi kuwa Attahiru ya ga zama ƙarƙashin Nasara bai halatta ba matuƙar akwai hanyar fita. Dukansu malamai ne, dukansu da littafi suka kafa hujja. Majigi na ƙwarai zai bar kowannensu ya faɗi dalilinsa, ya bar mai kallo da nauyin tunani.

Na biyu, su wane ne suka harba bindigogin? Turawan da ke cikin rundunar Morland 'yan kaɗan ne, hafsoshi. Sauran sojojin baƙar fata ne, da yawansu da Hausa suke magana. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma in aka ɓoye ta ba za mu taɓa tambayar abin da ya sa talaka ya ɗauki bindigar baƙo ya juya ta wajen ƙasarsa ba.

Na uku, Satiru. Wannan ƙauye ne kimanin mil 14 kudu da Sakkwato. Cikin Fabrairu 1906 mutanensa, talakawa da bayin da suka gudo, suka yi tawaye da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, da gatura da fartanya da kibau. Ran 10 ga Maris aka turo runduna ta rushe garin, aka kashe mutane kimanin 2,000. A wannan karon masu sarautar Sakkwato bayan Turawa suka goya. Su ma suna da dalilansu, domin tawayen ya ƙi ikonsu kamar yadda ya ƙi na Turawa. To, a sa Satiru ko a cire? Ni a ganina a sa. Ken Burns ma bai ɓoye cewa da yawa daga masu kiran 'yanci a Amurka suna da bayi ba, bai kuma manta da waɗanda suka goyi bayan Sarkin Ingila ba. Majigin da ya zama kirari zalla, maroƙi ya fi shi iyawa.

Gadon da aka bar mana

Mai karatu zai ce, to, duk wannan wahala don me? Abin da ya wuce ai ya wuce. Amsata ita ce, ranar Giginya ba ta wuce ba, tana cikin tsarin zamanmu.

Lokacin da za a ba Jihar Arewa mulkin kanta, ranar da aka zaɓa ita ce 15 ga Maris 1959, shekara 56 daidai bayan Giginya. Da gangan aka yi haka. Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim ne, wanda ya riƙe ɓangare guda a filin. Watau abin da aka karɓe daga hannun uba da igwa, ɗa ya karɓo shi da ƙuri'a da shawara da alƙalami. Wani abin mamaki kuma, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ke kan gado a ranar, an haife shi ne a Dange ran 15 ga Maris 1903, ranar yaƙin. Ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Mai shirya majigi ko ƙago labari yake yi, da wuya ya ƙago wanda ya fi wannan.

Amma mulkin da ya dawo ba irin wanda ya tafi ba ne. Wanda ya tafi yana hannun sarki da majalisarsa. Wanda ya dawo an ce na jama'a ne, kuma kafin ya kai ga kowa sai da aka ƙara fama. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, sun sha ɗauri a kan 'yancin talaka. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen 1959 ba, sai cikin shekarun 1970 suka sami wannan dama, bayan irin gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Majigin da ya bi zaren daga Giginya zuwa akwatin zaɓe zai sa saurayi ya yi tunani sau biyu kafin ya sayar da ƙuri'arsa a kan taliya da sabulu.

Akwai darasi na biyu. Yau kowa yana da majigi a aljihunsa. Kullum ana turo mana guntayen bidiyo a waya, a ce ga abin da ya faru a wuri kaza. Wanda ya koyi tambayar da muka yi wa wasiƙar Lugard, watau wa ya kawo, me zai samu, ina asalin, ba za a ruɗe shi da tsohon hoto a tunzura shi a kan maƙwabcinsa ba. Wannan tarbiyya ce ta zaman ƙasa, kuma mun yi rashinta, musamman da yake an cire darasin tarihi daga firamare da ƙananan azuzuwan sakandare wajen 2009, sai bayan shekaru aka maido shi. Yayyenmu da yawa sun shiga filin wasa na Giginya kallon ƙwallo, sun wuce ta gaban barikin soja na Giginya, ba tare da an taɓa gaya musu dalilin sunan ba.

Darasi na uku shi ne na saɓani. Zuriyar waɗanda suka yi hijira da ta waɗanda suka zauna duk 'yan'uwa ne, daga nan har Sudan. In har magabata sun saɓa a kan al'amari mai girma kamar wannan, kowa da hujjarsa, to, bambancin jam'iyya bai isa ya raba unguwa ba.

Abin da za mu iya

Ba sai mun jira Kaduna ko Landan ba. Wayar hannu ta yau ta fi na'urar da Sellers ya yi aiki da ita kyawun hoto. Shawarata ga ƙungiyar tarihi ta kowace makaranta ita ce, a wannan hutu kowane ɗalibi ya zauna da dattijo ɗaya ko tsohuwa ɗaya a gidansu. A fara da gaisuwa da neman izini, a bayyana abin da za a yi da maganar. A zaɓi wuri marar hayaniya, haske yana fuskar mai magana. A fara da faɗin ranar da wurin, sa'an nan a yi tambaya gajera a yi shiru, kada a katse babba. A tambaye su abin da suka ji daga iyayensu game da zuwan Nasara, da abin da suka gani da idonsu na motar majigi, da zaɓen farko, da ranar mulkin kai. In an gama a ajiye kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a laburaren makaranta, domin waya takan faɗa ruwa.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku ku ba mu lokaci. In akwai tsohuwar wasiƙa a cikin gafaka, ko takobi a ƙarƙashin gado, ko hoto a ƙasan adaka, ku bari mu ɗauki hotonsa, kayanku yana hannunku. Wanda ya ga bikin mulkin kai yana ɗan shekara goma, yau ya haura saba'in. Duk dattijon da muka rasa ba mu ɗauki muryarsa ba, wani shafi ne ya yage wanda babu ma'ajiyar da za ta maido mana shi. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sun kuma ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An daɗe ana nuna mu a allo da idon wasu, yanzu na'urar ta zo hannunmu, saura mu riƙe ta da amana.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Giginya da Burmi da Satiru, ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Wassalam.